Ni kaɗai zan je Disneyland a hutun ƙarshen shekara, ko ganganci zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗan Damagaram ne, ina shekarata ta biyu ta karatu a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, kuɗin jirgi zuwa Yamai ya fi ƙarfin aljihuna, abokan zamana kuma kowa zai kama gabansa. Bara sati biyu na yi a ɗaki, daga ni sai tukunyar shinkafa sai waya. Bana na ɗan tara wani abu, ina so in je Disneyland ta Paris, katafaren wurin wasanni da shaƙatawa. Abin da ke damuna shi ne kada in zama abin kallo, ƙato da gemu shi kaɗai a tsakiyar yara. Kuma an ce lokacin Kirsimeti cunkoson ba a magana. Shin kuɗina ba zai tafi a banza ba? Yaya zan yi da sallah da abinci?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je. Amma ranar da za ka zaɓa ita ce rabin maganar, don haka bari mu fara da ita kafin mu zo kan gemun naka.

Adon Kirsimeti a Disneyland ba na rana ɗaya ba ne. Ana kafa shi tun cikin watan Nuwamba, ba a kwashewa sai farkon Janairu. Doguwar bishiyar nan da ke bakin shiga, da jerin gwanon motocin fitilu, da ƙanƙarar roba da ake zubowa a Main Street, babban titin da ake bi in an shiga, wanda ya je ranar 2 ga Disamba da wanda ya je ranar 28 duk abu ɗaya za su gani. Bambancin yana wajen jama'a da kuɗi. Makarantun Faransa sukan raba hutun bazara da na ƙarshen sanyi shiyya-shiyya, amma na Kirsimeti duk ƙasar tare ake tafiya, sati biyu, daga wajen 20 ga Disamba zuwa farkon Janairu. A daidai lokacin ne kuma Ingila da Sifen da Beljiyam ke nasu hutun. Kwanakin da ke tsakanin 26 da 31 ga Disamba su ne masu zafi. Tikitin wurin kuwa yana bin rana ne kamar kuɗin mota da jajiberin sallah: ranar da aka fi rububi sai ka biya kusan ninki biyu na abin da za ka biya a ranar da babu kowa. Wato ka biya da yawa, ka hau kaɗan.

Don haka idan jadawalinka zai bari ka saci Talata ko Alhamis guda a farkon Disamba, kafin yara su samu hutu, ka sace ta. In kuwa jarrabawa ta riƙe ka har sai an yi hutu, to ka nemi kwanakin farko kafin 24 ga wata, ko kuma bayan 2 ga Janairu lokacin da iyaye suka fara lissafin komawa aiki. Ko wacce ka zaɓa, ka sayi tikiti mai kwanan wata ta intanet tun da wuri, domin a wannan lokacin rana kan cika a rufe sayarwa.

Yanzu zancen zama abin kallo. Na gane inda ka dosa, don a wajenmu wanda ya ci abinci shi kaɗai ma sai an tambaye shi ko lafiya, balle babba ya tafi hawa lilo ba yaro a hannu. To, can babu mai lokacinka. Uban da ke tura keken jariri da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da yarinyar da ke kukan an hana ta balan-balan, ba gemunka ne a gabansa ba. Kuma wurin da kansa ya san da irinka, har ya ware muku layi. Ana kiransa Single Rider, layin mai hawa shi kaɗai, kuma shi ne babbar ribar tafiyarka.

Ga yadda abin yake aiki. Ɗauki motar da ake hawa a wasan Ratatouille: kujeru shida ne, uku gaba uku baya. Mata da miji suka zo, sun ci biyu sun bar ɗaya. Iyali mai mutum biyar suka zo, sun bar ɗaya. Ma'aikata ba sa son mota ta tashi da gurbi, sai su waiwayo layinku su ɗaga yatsa ɗaya, ka shige. Na taɓa tsayawa ina kallon allon babban layi yana nuna fiye da awa guda, ni kuwa ban gama cire safar hannu na duba wayata ba aka yafito ni, na zauna kusa da wata tsohuwa da jikanta, muka yi ta ihu tare kamar mun san juna. Akwai irin wannan layi a wasannin Hyperspace Mountain, da Crush's Coaster, da RC Racer, da wasannin nan biyu na sashen Avengers da aka buɗe a 2022. Sharaɗinsa kawai shi ne ba ka zaɓen kujera, kuma ba kullum yake sauri ba. A Crush's Coaster musamman, inda ƙoƙon da ake zama a ciki ke ɗaukar mutum huɗu kuma mutane kan zo bibbiyu ko hurhuɗu, gurbi ba ya yawan samuwa, sai ka ga layin 'yan ɗaiɗai ma ya tsaya cik. Wannan ka fara da shi da sassafe, ko ka haƙura da shi.

Akwai kuma abin da suke kira Premier Access, wanda tun 2021 ya maye gurbin tsohon tsarin tsallake layi na kyauta. Kuɗi ake biya a wuce gaba. Ni dai ga ɗalibi mai tafiya shi kaɗai ban ga dalilin sayen babban kunshinsa ba. In akwai wasa guda da ranka ya kafe a kai kuma layinsa ya ƙi raguwa, ka sayi na wannan kaɗai ta manhajar wayarsu, shi ke nan.

Ka sani wuraren biyu ne a fili ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Babban, mai gidan sarauta a tsakiya, shi aka buɗe ranar 12 ga Afrilun 1992. Na biyun an buɗe shi a 2002 da sunan Walt Disney Studios, kuma a can ne yawancin layukan 'yan ɗaiɗai suke. In kwana ɗaya gare ka, sayi tikitin da ya haɗa duka biyun, ka yi safiyarka a na biyun, bayan azahar ka tsallako babban ka zauna har a tashi. Galibi ƙarfe 9:30 ake buɗewa, amma ka kasance a bakin ƙofa tun kafin tara, saboda ana binciken jaka, kuma waɗanda suka kwana a otal-otal ɗin Disney an riga an shigar da su kafin ku. Awa ɗayan farko ta fi awa uku na tsakar rana albarka.

Hanya ba za ta ba ka wahala ba. Daga tashar Part-Dieu ta Liyon akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke zuwa kai tsaye tashar Marne-la-Vallée–Chessy cikin kamar awa biyu, ba sai ka shiga cikin Paris ba, kuma kana fitowa daga tashar ga ƙofar wurin nan a gabanka. Ka duba Ouigo, jirgin ƙasa mai sauri na rahusa, ya fi sauƙin kuɗi. In kuwa a Paris za ka kwana, jirgin RER A, wato jirgin ƙasan da ke haɗa birnin da garuruwan kewaye, za ka hau, tafiyar kamar minti 40 daga tsakiyar gari, tazarar kilomita 32 gabas. A nan ka buɗe ido: layin yana rabuwa biyu bayan Vincennes, reshe ɗaya ya nufi Boissy-Saint-Léger, ɗaya ya nufi Chessy. Zuwana na farko na ga jan harafin A na faɗa ciki da murna, sai da na lura babu yaro ko ɗaya sanye da kunnen ɓeran Disney, Mickey Mouse, a taragon na gane na yi ɓatan kai. Ka karanta allon da ke saman dandamali kafin ka shiga. Kuma ka riƙa leƙa labarai a satin tafiyar, don Disamba wata ne da ma'aikatan jiragen ƙasa a Faransa kan shiga yajin aiki. Na 2019 ya fara ranar 5 ga wata, ya cinye hutun gaba ɗaya.

Wurin kwana kuwa, otal-otal ɗin Disney an yi farashinsu ne don iyali su raba, mutum ɗaya asara zai yi. Nemi ɗaki a Val d'Europe, tasha ɗaya kafin ƙarshe, ko Bussy-Saint-Georges, ko Torcy. A Val d'Europe akwai katafariyar kasuwa mai babban kanti a ciki, a nan za ka sayi burodi da cuku da dabino da ruwa a kan farashin mutane.

Wannan ya kawo mu kan abinci. Abincin ciki yana da tsada, kuma tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu layinsa kan kai na wasanni tsawo. Ana barin mutum ya shiga da ɗan guzurinsa a jakar goyo, abin da ba a so shi ne shimfiɗa tabarma da manyan kuloli. Ka ci naka a kan benci, ka ajiye kuɗin don shayi mai zafi da yamma. In kana son zama a gidan abinci, ka tambayi ma'aikaci kai tsaye ko naman halal ne, kada ka dogara da sunan wuri ko adon Larabawa da ka gani a bango. In amsar ba ta gamsar da kai ba, kifi da kayan lambu suna nan.

Sallah ita ce ke buƙatar lissafi, saboda ranar Disamba a Paris gajera ce ƙwarai. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, azahar na shiga wajen ɗaya saura, la'asar kafin uku, wajen biyar an yi magariba. Sallah uku cikin awa huɗu ke nan, a daidai lokacin da ake jerin gwano kuma layuka suka fi tsawo. Kai matafiyi ne tun daga Liyon, kana da rangwamen da shari'a ta ba matafiyi, ka yi amfani da shi yadda malamanka suka karantar da kai. Ka saka 'yar sallaya mai naɗewa a jaka, ka yi alwala tun kafin ka fito in za ta riƙe, don ruwan famfo a wannan sanyin ba wasa ba ne. Da ka shiga babban wurin, ta hannun hagu akwai ofishin baƙi da ake kira City Hall. Ka je ka gaya musu kana neman inda za ka yi sallah a natse, su nuna maka.

Sanyi kuwa, kada zaman Liyon ya ruɗe ka. Sanyin mai tafiya daga ɗaki zuwa aji daban, na mai tsayuwa a layi awa goma daban. Da rana bai cika wuce digiri 7 ko 8 ba, ga yayyafi, ga iska a fili. Safa biyu, takalmin da ruwa ba ya shiga, hula, safar hannu, da rigar ruwa ka taho da ita daga gida. Waɗanda suka zana wurin sun san da wannan, shi ya sa suka yi rufaffun lunguna biyu a bayan shagunan Main Street, Liberty Arcade da Discovery Arcade. Yawancin baƙi ba su ma san da su ba. Nan za ka fake in ruwa ya sauko, nan kuma za ka bi ka zille in titi ya cushe. Idan yatsunka suka fara mutuwa, shiga wasan Pirates of the Caribbean ko na Phantom Manor, dukansu a cikin gini suke. Ka kuma sauka kogon da ke ƙarƙashin gidan sarautar ka ga dodon da ke kwance ɗaure da sarƙa, yana ɗaga kai yana huci. Ba a layi a wurin. Batirin waya ma sanyi na shanye shi, ga tikitinka da taswira duk a ciki suke, don haka ka riƙe abin caji na aljihu. Sandar ɗaukar hoto kuwa an hana shiga da ita. Ka miƙa wa wani wayarka ya ɗauke ka, kai ma ka ɗauke su.

Abu ɗaya ne ba zan ɓoye maka ba. Da safe ba za ka ji kaɗaici ba, kana ta gudu daga wannan zuwa wancan. Lokacin da yake kama mutum shi ne bayan magariba, sa'ad da aka kunna fitilu, ƙanƙarar roba ta fara sauka, ka duba hagu ka duba dama kowa ya rungume nasa. A nan gida kan faɗo wa mutum a rai, har ya ji kamar ya tattara ya tafi. Ka shirya wa wannan lokacin tun daga ɗaki. A lokacin sanyi agogon Faransa da na Nijar ɗaya ne, ƙarfe shida a Chessy ƙarfe shida ne a Damagaram. Ka ce wa ƙannenka su taru wajen wayar Inna bayan magariba, ka kira su ta bidiyo, ka juya musu kyamara su ga gidan sarautar yana walƙiya. Minti goma sun isa, ka bar sauran cajin.

Bayan nan sai wasan wuta na rufewa, wanda ake haskawa a jikin gidan sarautar. Iyalai kan kama wuri tun da sauran awa guda, su tsaya suna rawar ɗari. Kai ba ka buƙatar haka: mutum ɗaya yana samun inda zai ratsa ko da saura minti ashirin. Ka yi amfani da wannan tazarar ka hau jirgin wasan Big Thunder Mountain cikin duhu, lokacin da jama'a suka koma gaban gidan sarauta. In an gama kuma kada ka bi ayarin farko zuwa tasha, don dandamalin RER kan cika maƙil. Shagunan Main Street ba sa rufewa nan take, ka ɗan zaga a ciki ka ji ɗumi na rabin awa. Amma ka duba lokacin jirginka na ƙarshe tun da rana, ka sa wa wayarka ƙararrawa.