Amsa ga 'yar'uwar da bargonta na haɗe-haɗe ya zuba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun bayan sallar asuba na ga tambayarki, na karanta, na kife wayar, can kuma na sake ɗauka. Kin ce wata huɗu kina haɗa bargo da ragowar atamfa, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa amma kika daure kika kai ƙarshe, wankin farko jan ya zubo a kan farin, gefe guda ya tattare, mutanen gida kuma suna cewa asarar zare kawai kike yi. Kina tambaya ko yana gyaruwa ko ki haƙura da ɗinkin gaba ɗaya. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don duk abin da kika lissafa ya same ni, har da maganar mutanen gida.

Kada ki jefar da shi, kada ki yanka shi tsumman goge-goge, kada kuma ki bari dutsen guga ya hau shi tukuna. Wannan na guga ki riƙe shi da kyau, zafin dutse yana ƙara zaunar da launin da ya zubo.

Nawa na aure ne. Ƙanwar maigidana na yi wa, yarinyar da ta dawo hannuna tun tana aji uku na firamare bayan Allah ya yi wa Hajiyarsu rasuwa. Lokacin da aka raba suturar Hajiya an ba ni zannuwa biyu, ban taɓa ɗaura su ba, suna ƙasan akwati. Da aka sa ranar yarinyar sai na ce a raina, zanen gado na kanti kowa zai kawo mata, ni bari in yi mata abin da za ta riƙa kwana da zanen uwarta a jikinta. Gadonta shida da shida ne, na so ya sauko ta gefe, sai na yi lissafin inci 90 kowane ɓangare. Na yanka ƙyalle inci 5 da 5, in an ɗinke ya koma 4 da rabi, layi 20, kowane layi ƙyalle 20. Guda 400 ke nan. Da kwali da alli da almakashi na fitar da su ɗaya bayan ɗaya, har babban yatsana ya yi kanta. Keken Butterfly na ƙafa nake da shi, kuma sai yara sun yi barci nake hawa, mafi yawa da fitilar caji don wuta ba ta zama. Wata bakwai. Zannuwan Hajiya na jera su a tsakiya, na zagaye su da fari, sannan na sayo jar atamfa sabuwa fil na zagaye farin da ita.

Ranar jere na naɗe shi a leda na kai da kaina. Ɗakin cike yake, danginmu da dangin ango, ana ta kafa labule. Babbar yayar maigidana da amaryar ce ke buɗe kaya tana cewa a sa wannan nan, a kai wancan can. Ta zo kan ledata. Ban manta yadda ta ɗaga shi ba, da yatsu biyu, ta nesanta shi da jikinta. Ta ce, "Wannan tsummokaran kuma wa ya kwaso su? So ake a ce mun kasa sayen zanen gado?" Wata daga dangin ango ta yi dariya. Ina tsaye bakin ƙofa da guduma a hannuna, don ni ke buga ƙusar labule. Na buɗe baki in ce Yaya, dubi tsakiyar, zanen Hajiya ne, maganar ta ƙi fita. Ita da ta fi kowa sanin zanen nan, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, wanda Hajiya ke ɗaurawa ran Juma'a, ko kallon tsakiyar ba ta yi ba. Ta dunƙule shi ta tura a buhu tare da kwalaye da igiyoyin da aka kwance daga kaya. Na ƙarasa buga ƙusar, na shiga banɗakin amarya na kunna famfo don kada a ji ni. Da na fito aka ce idona ya yi ja, na ce ƙura ce. A mota ma da za mu koma ita ce a gaba, tana ta lissafa wanda ya kawo abin kirki da wanda bai kawo ba, ni ina baya ina kallon titi. Da na gaya wa maigidan cewa ya yi in yi haƙuri, halinta ne, kowa ya sani. To na sani, amma wata bakwai fa. Har yau muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba, kuma ba zan ce miki ya wuce a raina ba.

Bayan wata uku na je gidan amaryar, na zaga baya zan yi alwala, sai ga bargona an lulluɓe janareta da shi. An taɓa wanke shi, an cusa a ƙaramin bokiti ya kwana, jan nan duk ya malale a kan farin da ke kewaye da zanen Hajiya. Ga ɗigon baƙin mai a kusurwa. Yarinyar ba ta ma san daga wurina ya fito ba, a buhun shara ta tsince shi. Da na nuna mata tsakiyar ta durƙusa a wurin tana kuka.

Zubar dai laifina ce, ba na kowa ba. Ban wanke jar atamfar ba kafin in yanka. Ke ma ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan.

Ga yadda na yi da shi. Ki nemi babban baho, irin wanda bargon zai sake a ciki ya nutse duka, don ƙarancin ruwa ne ke sa launin da ya fita ya koma ya zauna a kan farin. Ki cika da ruwan zafi, ki zuba sabulun ruwa na wanke-wanke, ki danna bargon ƙasa, ki ɗora masa wani abu mai nauyi kada wani sashe ya leƙo sama. Ruwan farko zai yi ja nan da nan, ki zubar ki sake. Na biyu ki bar shi ya kwana. Haka za ki yi ta yi har ruwa ya fito garau. Ni sau huɗu na sake. Bai koma fari tas ba, gaskiya, akwai wurin da ya tsaya ruwan hoda, amma wanda bai sani ba ba zai lura ba. Bilic kam ko kusa, zai cinye launin sauran ƙyallayen ya raunana zaren. Za a ce miki gishiri, ni ma an ce mini, na zuba kusan rabin kwano ban ga abin da ya tsare ba. Gishiri a wurin rini yake aiki, ba bayan yadi ya zo hannunki ba.

Nan gaba duk ƙyallen da zai shiga aikinki ki jiƙa shi tukuna, ja daban, shuɗi daban, a farar roba don ki ga abin da yake saki. Ja da baƙi da mai shuni su ne masu ba da wahala. Na taɓa sayen yadin rini a Ƙofar Mata don in yi gefe da shi, kyakkyawa ƙwarai, amma sai da na yi masa wanki da yawa kafin ya daina shafa a farin ƙyalle. In kin wanke abu sau uku yana nan yana zuba, ki cire shi daga aikin ko da kina sonsa.

Wankin nan kuma shi ne rabin maganin tattarewar da kika ce. Auduga tana tsukewa a wankin farko, mai roba ba ta tsukewa, to in kin haɗa su gefe da gefe ɗaya ta ja ɗaya ta tsaya, dole ya yi tudu da kwari. Yanzu atamfa mai roba ta cika kasuwa, da ido ba kullum ake ganewa ba. Ki yanki ɗan siriri ki riƙe da almakashi ki kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba za ta narke ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ni a tsakar gida nake yi, da kofin ruwa a gefe. Ragowar da nake karɓa wurin teloli, musamman gab da sallah da take taruwa, sai na zauna na ware ta kashi biyu kafin ta shiga ɗaki. Leshi da shadda mai maiƙo ba na haɗa su da atamfa sam.

Masu cewa wai aikin Turawa ne ko aikin marasa abin yi, su je hawan Daushe su dubi 'yan lifidi. Me ke jikin dawakan nan? Yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, an bi da ɗinki an danne, wani ma launi-launi aka haɗa. Da shi kakanninmu suka tare kibiya a fagen yaƙi. Abin yana ƙona mini rai in na ji ana raina shi, alhali ko zanen goyo iyayenmu ba sa yarwa sai sun yi masa faci sau nawa.

Na dawo kan kusurwoyi. Ba hannunki ne ba shi da kyau ba, bakin ɗinkin ne bai zama ɗaya ba. Ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken, ki ninka shi ya yi ɗan tudu, kowane ƙyalle ya bi jikinsa. Ki duba lissafin: in kowane ɗinki ya kauce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, abin da ido ba ya ma gani, a layi mai ƙyalle 20 kin tashi da bambancin da ya haura inci 2. Shi ya sa layi ɗaya ke fin ɗaya tsawo, ki ja ki ja don su daidaita, daga nan tattarewa ta samo asali. Kwalin awo ma yana cinyewa a baki in an daɗe ana zagaya shi da alli, ki riƙa sake sabo, ko ki yanka na roba daga murfin bokitin fenti. Ki yanka bisa tsayin zaren yadin, wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi kamar ɗanko. Bakin atamfa inda ake rubuta suna ki cire shi, saƙarsa ta fi tsauri.

Sai guga. Layi na farko ki kwantar da bakin ɗinkin duk zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku dama. In kin zo haɗa layukan za ki ji da yatsanki suna shiga juna suna kullewa, ki soka fil a daidai wurin. Ranar da na fara jin wannan a yatsana na ga kusurwa huɗu sun haɗu cif, sai da na tashi maigidan daga barci ya gani. Dutsen kuma ɗora shi ake yi a ɗaga, ba a jan sa.

Ba ki faɗi abin da kika sa a tsakiya ba. In soson katifa ne, shi ma yana cikin masu laifi, ya yi wa kekenmu kauri, ƙafar keken, wato ƙarfen da ke danne yadi a gindin allura, tana tura na sama gaba na ƙasa yana baya. Tsohon bargo marar kauri wanda ya sha wanki ya fi mini komai. Shafin baya nakan saya a Kantin Kwari, auduga zalla, in wanke shi shi ma, in bar shi ya fi saman faɗi da kamar inci 4 kowane gefe. Ki shimfiɗa a ƙasa, ki kama da fil mai kulle duk tazarar tafin hannu, ki fara ɗinki daga tsakiya kina fita waje. Allura lamba 14 wajen haɗa ƙyallaye, lamba 16 in an zo hawa uku, ki ƙara tsawon ɗinkin, ki ɗan sassauta nocin da ke saman keken mai danne ƙafa. In keken ya ƙi, ki ɗauki babbar allura da zaren saƙa ki yi ƙulli a kowace kusurwa, yana riƙewa sarai, yana kuma da kyau. Gefen da ya tattare ba sai kin farke duka ba, ki farke dannewar wannan gefen kawai, ki fesa ruwa, ki baje shi a ƙasa ya bushe a miƙe, sannan ki sake bi.

Kuma don Allah ki daina nuna wa kowa aikinki yana rabi. Wanda bai taɓa zama ya yanka ƙyalle 50 ba ba zai gane ba. Wata maƙwabciyata ta taɓa taya wani da na yi da kuɗin da ko shafin bai saya ba, tun daga ranar na ce ba na sayarwa. Ki kawo mana nan, mu mun san abin da ke ciki.

Yanzu ina kan na biyar, na jariri ne, ƙyalle 8 sau 8, guda 64, inci 36 in an gama. Irinsa nake so ki yi bayan wannan, sati biyu zuwa uku kin kammala, hannunki zai faɗa kafin ki koma babba. Na Hajiya kuwa yana kan gadona. Ɗigon man bai fita ba, sai na yanko fure daga guntun zanenta da ya rage na ɗinke a kai da hannu. Yarinyar ta roƙe ni sau biyu in mayar mata, na ce to, har yau ban iya kaiwa ba. Na san haƙƙinta ne, zanen uwarta ne, in sha Allah in ta haihu zan kai mata da hannuna, ba ranar taro ba.

Ki ɗauko mana hoton bayan bargon, inda ɗinkin yake, da na gefen da ya tattare, ki kuma gaya mini me ke tsakiyarsa. Ki sa ruwa a wuta yau ɗin nan ki jiƙa shi, gobe ki faɗa mini launin da ruwan ya yi.