Abokina ya rubuta labari, ni na haɗa fim: wa ke da shi?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Yelwa cikin garin Bauchi. Na daɗe ina burin yin gajeren fim, bana Allah ya nufa. Abokina ne ya rubuta labarin, shafi 12. Ni kuma na sayar da kwamfutata, kawuna ya ƙara mini naira 200,000, na yi hayar kyamara, na nemo 'yan wasa, na ciyar da su har muka gama ɗauka. Yanzu muna kan editin, sai abokina ya ce tunda labarinsa ne, a tasharsa ta YouTube za a sa. Ba mu rubuta komai tsakaninmu ba. Sannan na sa waƙar wani fitaccen mawaƙi ta sakan 30 a ƙarshen fim ɗin. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari. Kwantar da hankalinka, bisa abin da ka faɗa ƙafarka ta fi tasa ƙarfi a kan fim ɗin, amma shi ma yana riƙe da wani abu da ba za ka iya ƙwacewa ba.

Dokar da ke magana a nan ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A idonta abubuwa biyu ne a gabanku, ba ɗaya ba. Akwai rubutaccen labari, akwai kuma fim. Labarin na wanda ya rubuta shi ne tun ranar da ya sa shi a takarda, ko bai yi rajista a ko'ina ba. Da a baki kawai ya ba ka labarin kai ka zauna ka rubuta, da magana ta sha bamban, domin doka ba ta kare tunanin da ba a rubuta ko aka naɗa ba. Amma shafi 12 da hannunsa, nasa ne. Shi kuwa fim, dokar ta ce mai shi shi ne wanda ya yi shirye-shiryen haɗa shi, sai fa in an yi yarjejeniya akasin haka. Wanda ya nemo kuɗi, ya ɗauko kyamara, ya tara mutane, ya biya abinci da kuɗin Keke Napep. A labarin da ka ba ni, kai ne. Don haka abokinka ba shi da ikon ɗora fim ɗin a tasharsa ba da yardarka ba, kuma in ya yi, kana iya shigar da ƙorafi YouTube su sauke shi.

Ga inda ƙafarka take da rauni. Dokar ta ce ba a mallaka wa wani haƙƙin aiki, ko a ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, sai a rubuce. Abin da kake da shi yanzu izini ne na baki, wanda ake fahimta daga yadda ya miƙa maka labarin ya tsaya ana ɗauka bai hana ba. Wannan ya isa ya halatta fim ɗin da ka yi, amma bai hana shi gobe ya kai wa wani furodusa a Kano ko Jos labarin nan ɗin, a yi shi da manyan jarumai, naka ya koma kamar kwafi. Kuma duk bikin finafinai da za ka tura wa, ko tashar talabijin da za ta saya, za su sa ka tabbatar cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kana da izininsa. Izinin baki ba ya shiga ambulan.

Shawarata ita ce ku zauna kafin editin ya ƙare, tun zumunci bai yi tsami ba. Na san abin da ke hana matasanmu: kunya. Mutum yana ganin in ya ce wa abokinsa sa hannu, kamar ya ce ban yarda da kai ba ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa ma ya halatta. A rubuta sunayenku, sunan labarin, da cewa ya mallaka maka haƙƙin yin fim da shi, ko ya ba ka izini kai kaɗai na shekaru kaza. A faɗi abin da zai samu, kuɗi a hannu ko kaso cikin ɗari na abin da fim ya kawo bayan an cire abin da aka kashe. A faɗi tashar da za a sa shi da wanda ke riƙe da ita. Ku sa hannu da kwanan wata, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Sunansa a jikin fim a matsayin marubuci kuwa ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne ko da ya sayar maka da labarin, don haka ka rubuta shi ɓaro-ɓaro. Sau da yawa abin da mutum yake nema ke nan, a san da shi.

In ya ƙi, ka adana duk wata shaida: rasidin hayar kyamara, saƙon banki na kuɗin kawu, hirarku ta WhatsApp. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irin waɗannan in an cika sharuɗɗanta. Ka kuma karɓi ainihin hotunan daga hannun mai kyamara da mai editin, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron ta, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba, kuma kuɗin da za ka kashe a can zai iya fin na fim ɗin. Ni dai zan fi so ku samu wani babba da kuke jin kunyarsa ya sasanta ku, a rubuta abin da aka cim ma.

Kuɗin kawu ma a fayyace shi. Kyauta ce, rance ne, ko jari ya zuba? In jari ne yana da kaso a riba, kuma wata rana magadansa za su iya tambaya. Layi uku a takarda sun wadatar.

Waƙar nan ka cire ta. Maganar da ake yaɗawa cewa sakan 30 ba laifi ba ne, babu ta a doka, kuma rubuta sunan mawaƙi a ƙarshe ba izini ba ne. Waƙa ɗaya tana iya zama da masu haƙƙi biyu, wanda ya tsara ta da wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. YouTube na da na'urar da ke gane sauti, tana iya toshe fim ɗin ko ta juya kuɗin talla zuwa ga mai waƙa, kuma gargaɗin keta haƙƙi uku na iya rufe tasha ɗungurungum. Bauchi cike take da matasa masu ƙananan situdiyo da za su yi maka kiɗa sabo da kuɗi kaɗan. Shi ma wanda ya yi maka, ya rubuta cewa ya ba ka.

'Yan wasanka su ma doka ta ba su haƙƙi a kan wasan da suka yi, don haka kowa ya sa hannu cewa ya yarda a nuna shi a intanet da wajen biki. In akwai yaro ko yarinya a ciki, mahaifi ko waliyyi ne zai sa hannu, ba yaron ba. Mai gidan da kuka yi ɗauka a ciki ma haka.

Kafin ka haska shi ga jama'a ko ka sayar, ka kai shi Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa, su duba su faɗi rukunin shekarun waɗanda ya dace su kalle shi. Hukumar tace finafinai ta Kano da kake yawan ji a labarai dokar jihar Kano ce ta kafa ta, za ta shafe ka ne in ka kai aikinka can. Bayan abokinka ya sa hannu, ka yi wa fim ɗin rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Ba dole ba ne, amma takardarsu shaida ce mai ƙarfi ranar da wani ya ce nasa ne, kuma ana cike fom ɗin ta intanet.