Kada ka je ɗauko yaron nan

Wa alaikas salam, ɗan'uwa. Ka ce rai ya ɓaci ka tura wa maiɗakinka saki ɗaya ta WhatsApp kwana goma da suka wuce, ta kwashi yaranku biyu ta koma gidansu a Rigasa, namijin shekararsa shida, macen tana goye. Kana tambaya ko ka je ka ɗauko babban, tunda 'yan'uwanka sun ce ɗa na uba ne. Ni ba malami ba ne, ba lauya ba, tela ne a Tudun Wada. Amma na taka wannan ƙayar da ƙafata.

Kada ka je.

Lokacin da na rabu da uwar ɗana na fari abin da na yi ke nan. Na tsaya a bakin Islamiyya bayan la'asar, yaro na fitowa na aza shi a babur na kai wa Hajiyarmu. Na kuma daina aika ko sisi, wai don uwar ta ji a jikinta. Ba a yi sati uku ba sai ga sammaci. Na shiga kotu da labarin rashin kunyarta cike da baki, alƙali bai ko bi ta kansa ba. Ya ce, ta yi wani auren? Na ce a'a. Kana da shaidu cewa hankalinta ko halinta zai cutar da yaro? Babu. To tun da ta fita me ka aika? Nan na yi tsuru-tsuru. Aka ce in mayar da shi, aka yanka mini abin da zan riƙa bayarwa duk wata, ban da kuɗin makaranta da magani. Da muka fito, yaron ya riƙe gefen hijabin uwarsa, ko kallona bai yi ba. Wannan ya fi hukuncin ƙona mini rai.

Kotunan Shari'armu a kan Malikiyya suke hukunci, kuma a Malikiyya riƙon yara haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, ba kai tsaye riƙon zai dawo hannunka ba, kakarsu ta wajen uwa tana gabanka, haka 'yan'uwan uwar mata. Ɗa na uba ne, gaskiya ne, amma ta wajen nasaba da gādo da waliccin aure da tarbiyya, sai babbansu, ciyarwa. Masu zuga ka wannan na ƙarshen ne ba sa faɗa, kuma ranar kotu ba za ka ga ƙeyarsu ba.

Ni abin da ya fi damuna a tambayarka, kana maganar rabon yara alhali aurenka bai ƙare ba. Saki ɗaya ka yi, igiya biyu na nan, kuma tana cikin idda. Kafin ta yi tsarki uku kana iya mayar da ita ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure, sai dai ka kafa shaidu biyu don gudun musu. Tunda tana shayarwa, in jini ya ɗauke mata iddar kan yi tsawo, wannan ka zauna da malamin fiƙihu ya lissafa maka. In ka yi sake iddar ta ƙare, sai ka sake neman aurenta kamar kowa, in ta ce ba ta yi, shi ke nan. Ka kuma bincika ko tana haila ranar da saƙon ya isa, domin a mazhabarmu sakin ya auku amma tilasta miji ake ya mayar da ita.

Asali ma ba a Rigasa ya kamata ta yi iddar ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da su daga gidajensu, mu kuwa mun mayar da "tattara kayanki" rabin saki. Cinta da wurin kwananta har yanzu suna wuyanka.

Kada ka goge saƙon nan. Lafazin da ka rubuta shi za a duba, kuma ka gode Allah da hannunka ya tsaya a ɗaya. Wanda ya haɗa uku a baki ɗaya, uku alƙali zai ƙirga masa. Kada kuma wani ya ba ka dabarar ka mayar da ita ka ƙuntata mata har ta nemi hul'i ta dawo maka da sadaki. In ta kawo shaidun cutarwa, alƙali na iya raba ku ba ta biya ka kwabo ba. Gado da katifa da sauran kayan da iyayenta suka jera mata kuwa nata ne, kada ka garƙame ɗaki a kansu.

(Ga 'yan'uwa Kirista da ke karantawa: wanda ya yi auren rajista, nasa daban ne. Babbar Kotu ce kaɗai ke warware shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai ƙalilan.)

In har ta kai ku kotu, abin da zai tsaya maka shi ne shaidar ciyarwa. Ni na koyi haka a makare. Yanzu ta banki nake turawa, in rubuta "kuɗin yara" da sunan wata, kuɗin makaranta kuwa ni nake biya da hannuna in adana rasit a ledar da nake ajiye littafin awo. Ka kuma nemi a rubuta ranakun da za ka riƙa ganinsu. In hukunci bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, amma zirga-zirgar kaɗai ta isa ta rufe maka shago.

Yau ɗin nan ka tura kuɗin cefane da na madara. Jibi ka samu kawunka ko limamin unguwarku su je wajen mahaifinta, dattijo daga nan dattijo daga can, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. In ka bi su, ka tsaya a waje, kada ka shiga zaure sai an kira ka.