Agugu ne ko mai kama da shi? Juya ganyen, tono saiwar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makiyayi ne a wajen Ngaundere. Bayan gobarar daji ta bana, wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu ya cika gangaren da muke kiwo. Baffana ya ce agugu ne, maganin tsila, in tono masa saiwar. Wani abokina kuma ya ce guba ne ga shanu. Wa ke da gaskiya, kuma ta yaya zan gane shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton Baffa da abokinka ba tsiro ɗaya suke nufi ba, kuma kama da wane ba ta wane. Wannan dangi, wanda 'yan makarantar Faransanci ke kira fujer, iri-iri ne. Ba sa fure, ba sa 'ya'ya. Da wata ƙura mai laushi suke yaɗuwa, wadda ke fita daga bayan ganye, kuma tohon yawancinsu yana fitowa a naɗe kamar wutsiyar hawainiya. In ka tsaya kallon saman ganye kawai, duk ɗaya za ka gan su.

To, fara da juya ganyen da ya manyanta. Agugu na cikin rukunin da masana ke kira Dryopteris. A bayan ganyensa za ka ga ɗigo-ɗigo a jere, kowane da ɗan murfi mai siffar ƙoda, ko ka ce ƙwayar wake ƙarama. Mutane kan ɗauka ƙwan tsutsa ne ko wata cuta, har su yar da ganyen, alhali nan ne ma'ajiyar ƙurar. Ka kifa ganyen a kan farar takarda ya kwana, da safe za ka tarar da gari mai ruwan ƙasa ya zuba daidai inda ɗigon suke. Shi kuwa wanda abokinka ke tsoro, Pteridium aquilinum, ba shi da ɗigo ko ɗaya. Bakin ganyensa ne ke lanƙwashewa ciki kamar kalmasar riga, ƙurar tana ɓoye a cikin kalmasar, layi guda. Sau da yawa ma za ka duba ganye ashirin ba ka sami mai ƙura ba. Nan ne fartanya ke shigowa.

Saiwar agugu gajera ce mai kauri, lulluɓe da ɓawo-ɓawo ja-ja kamar busasshen ɓawon albasa, ganyayen kuma suna tashi a dunƙule daga gindi ɗaya. Ta Pteridium baƙa ce, doguwa, tana tafiya can ƙarƙashin ƙasa kamar igiya, gashi ne a jikinta ba ɓawo ba. Ganye ɗaya ya fito nan, wani ya fito can taku ɗaya ko biyu, kowane a kan karansa, faffaɗa daga ƙasa mai tsini a sama, tsayinsa kan kai mita 1 zuwa 2. Zurfin saiwar nan ne ya sa wuta ba ta kashe shi. Ciyawa ta ƙone, shi kuma ya riga kowa tohowa. Da ka ce ya cika gangare bayan gobara, zuciyata ta fi karkata gare shi, amma sai ka tona ka gani da idonka.

In shi ne, ka janye shanunka daga wurin. Saniya mai ƙoshi ba ta cika kula shi ba. Yunwar ƙarshen rani ce ke kai ta, lokacin da babu wani kore sai shi, kuma sabon toho ya fi tsohon ganye dafi. Masu bincike a Japan sun ware sinadarin a 1983, ana kiransa ptaquiloside. Dabbar da ta yi makonni tana cinsa da yawa kan yi zazzaɓi, jini ya riƙa fita ta hanci ko cikin kashi. Wadda ke ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, ƙari ke fito mata a mafitsara, ta dinga fitsarin jini tana ramewa. Dafin yana kuma bi ta nono. Sai dai kada ka ɗora wa tsiron kowane jan fitsari, domin cutar da kaska ke sawa ma tana kawo shi, ita kuma tana da allura. Likitan dabbobi ne zai raba maka gardama.

Sauran 'yan dangin ba za su rikita ka ba. Wanda ke manne a jikin dutse mai laima, irin na bakin ruwan Tello da na Vina da ke yankinku na Ngaundere, mai siririn kara baƙi wul yana sheƙi kamar waya, Adiantum ne. In ka gangara Arewa wajen duwatsun Mandara, akwai wani ɗan ƙarami a tsagar dutse mai ganye kamar na giginya, da rani ya ƙanƙance kamar ya mutu, ruwan farko ya buɗe.

Saura maganar Baffa. Bai yi kuskure a kan suna ba. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya rubuta agugu cikin sunayen tsirran Hausa, ya ce maganin tsila ne da akasari daga Adamawa ake kawo shi. Yana kuwa aiki, don yana shanye jikin tsutsar ta saki hanji. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin abin da zai fitar da tsila da abin da zai illata mutum kaɗan ce, kuma ba wanda ke iya auna ƙarfin saiwa da ido. An sha samun amai, suma, har da makanta daga irin wannan magani, musamman in an bi shi da mai. Shi ya sa asibitoci suka bar shi. Ka ba Baffa haƙuri, ka kai shi a duba bayan gidansa. In tsila ce, ƙwayar praziquantel sha ɗaya ake yi. Allah ya ba shi lafiya, ya raya dukiya.