Me ake yi a daren arangetiram, kuma me ya sa shirinsa ke cin watanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Kano, ina karatu a birnin Cennai na ƙasar Indiya. Matar da nake haya a gidanta ta ba ni katin gayyata zuwa arangetiram na 'yarta mai shekara 16, wadda ke koyon rawar Baratanatyam. Watanni ke nan gidan ba shi da zance sai wannan, yarinyar kullum cikin atisaye, har ta rame. Na tashi ina kallon finafinan Indiya, a zatona rawa dai rawa ce. Me ake shiryawa haka, kuma me zan gani in na je?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da aka gayyace ki kallo ya yi nisa da rawar fim. Ta fim guntu-guntu ake ɗaukarta, in an yi kuskure a sake, sannan a je a harhaɗa. A nan kuwa yarinya ɗaya ce tilo za ta tsaya a kan dandamali kusan awa biyu, makaɗa na zaune a gefe suna kiɗa a gaban idon kowa, babu damar a ce a dakata a sake. Arangetiram shi ne karon farko da ɗaliba ke yin cikakken wasa ita kaɗai a bainar jama'a, kuma malaminta ne ke yanke cewa ta kai, ba iyayenta ba. In ta gaza, sunansa ne ya zube.

Watannin da kika gani ƙarshen shiri ne kawai. Yawancin yara tun suna ƙanana suke farawa, su shafe shekara bakwai ko fiye kafin wannan rana. Abin farko da ake koya musu wata tsayuwa ce da ake kira aramandi: a haɗa duga-dugai, a buɗe gwiwoyi waje, a sauko kamar za a tsuguna amma a tsaya a rabi, baya a miƙe. Gwada ki yi minti biyu a haka, za ki gane dalilin ramewar yarinyar. A cikin wannan tsayuwa ake koyon adabu, wato ƙananan takun da ake gina kowace rawa da su. Malami na zaune yana buga 'yar sanda a kan katako yana furta "tai ya tai", ɗaliba na maimaita taku ɗaya a gudu iri uku, kowanne ninkin wanda ya gabace shi. Sai alamun hannu, waɗanda tsohon littafin Abhinaya Darpana ya lissafa 28 na hannu ɗaya, ban da na hannu biyu. Akwai kuma darasin wuya, na gira, da na ƙwayar ido. Shahararriyar mai rawa Balasaraswati ta yi nata arangetiram a Kancipuram a 1925 tana da shekara bakwai, amma ita gado ta yi, a gidan kiɗa da rawa aka haife ta.

Wasan yana da jeri da ake kira margam. 'Yan'uwa huɗu ne suka tsara shi a farkon ƙarni na 19 a fadar sarki Serfoji na biyu a garin Tanjabur da ke kudancin Indiya: Cinnayya, Ponnayya, Sibanandam da Badibelu. Ana buɗewa da alarippu, gajeriyar rawa da ke farawa daga ido da wuya da kafaɗu kafin ta sauka ƙafa. Jatiswaram na biye, taku ne zalla a kan sautin waƙa ba kalmomi. A shabdam ne kalmomi ke shigowa, fuska ta fara ba da labari.

Daga nan sai barnam, kuma a nan nake so ki tattara hankalinki, domin shi ne jarrabawar gaskiya. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, wani lokacin ma ya fi. Abu biyu masu wuyar haɗuwa ake nema daga mai rawa a cikinsa. Za a ba ta dogon lissafin taku mai sarƙaƙiya, ta buga shi da ƙarfi, ta ƙare daidai kan bugun da kiɗan zai koma farkonsa. Kiɗan da aka fi amfani da shi, adi talam, bugu takwas ne ke zagayawa, kuma masana a cikin 'yan kallo suna ƙirgawa da tafin hannu a kan cinyarsu. Tana gamawa, numfashi bai dawo ba, sai mawaƙi ya ɗauko baiti guda, ita kuma ta koma mace mai jiran masoyinta, tana roƙon ƙawarta ta je ta kira shi. Mawaƙin zai yi ta maimaita wannan baiti, ita kuma kowane zagaye da sabuwar fassarar da za ta yi masa da hannu da fuska: yanzu roƙo, an jima fushi, can kuma tuna wani labari na abin bautar da waƙar ke nufi. Sai a sake komawa taku. Yarinyar da ƙafarta ta ƙware amma fuskarta ba ta motsi, a nan ake gane ta. Wadda kuma ke da fuska amma ba ƙarfin cinya, za ki ga aramandinta na ta ɗagowa sama yayin da lokaci ke tafiya. Shi ya sa a watannin ƙarshe malami ke sa ɗaliba ta yi margam gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe ba hutu, kusan kullum.

Bayan an ɗan huta ta sauya kaya, sai padam, waƙoƙi masu tafiya a hankali inda taku ya ragu, bayyana abin da ke zuci ya yi yawa. A ganina nan ne ya fi wa 'yar shekara 16 wuya, don ana neman ta nuna kishi da kewa da haƙurin da ba ta riga ta ɗanɗana ba. Kada ki yi mata hukunci mai tsanani a wannan gaɓa. Tillana mai sauri da annashuwa ce ke rufewa, sai gajeriyar addu'ar sallama da suke kira mangalam.

Wani babban ɓangare na shirin shi ne sabawa da makaɗa. Shekara da shekaru yarinyar na rawa da sandar malami ko da kiɗan da aka naɗa, wanda kullum iri ɗaya ne. Yanzu ga mawaƙi, ga mai ganga miridangam, ga mai goge ko sarewa, ga kuma nattubanar, wanda sau da yawa malamin ne da kansa, riƙe da 'yan kuge biyu na ƙarfe yana furta lissafin taku da baki. Kamar yadda makaɗin kalangu ke kallon ƙafar mai rawa yana bin ta, haka mai miridangam ke yi, amma sai sun san juna. Ƙwararrun makaɗa suna da tsada kuma lokacinsu kaɗan ne, don haka atisaye da su 'yan kwanaki ne kawai dab da ranar, kuma a nan ake gano cewa mawaƙi ya fi jan baiti fiye da yadda ta saba, ko gudun kiɗan ya ɗara na gida.

Kwalliya kanta awoyi take ci. Kayan na siliki ne, an ɗinka su da wata tattara a gaba wadda ke buɗewa kamar mafici idan ta sauka aramandi, don 'yan kallo su ga ko tsayuwar ta yi daidai. Ana zizara kwalli mai kauri har ya zarce gefen ido, domin wanda ke kujerar baya ya ga inda ƙwayar ido ta juya. Ana shafa jan rini mai suna alta a yatsu da tafin hannu da gefen ƙafa saboda wannan dalilin. Gashi a kitse shi jela ɗaya da furanni, a ɗaure jelar a ƙugu kada ta yi ta lilo. 'Yan kunne da sarƙoƙi kuwa har da zare ake ɗaure su. A idon sawu akwai salangai, ƙananan ƙararrawa jere a kan fata, waɗanda ke tona asirin duk takun da ya kauce.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun daga gida. Wannan rawa a wuraren bautar Hindu da fadojin sarakuna ta girma, a hannun matan da ake kira debadasi, waɗanda a da ake sadaukarwa ga wuraren bauta. A shekarun 1930 ne mutane irin su E. Krishna Iyer da Rukmini Devi Arundale suka fito da ita dandamalin zamani. Rukmini ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, wadda har yau tana nan Cennai, kuma a 1947 aka yi dokar hana sadaukar da 'yan mata ga wuraren bauta a lardin Madaras (tsohon sunan Cennai ke nan). Duk da haka addinin bai fita daga cikinta ba. Za ki ga gunkin Nataraja, wato abin bautarsu Shiba a siffar mai rawa, a gefen dandamali da fitila a gabansa, yarinyar za ta taɓa ƙasa ta nemi gafararta kafin ta taka ta, kuma yawancin waƙoƙin yabon abubuwan bautarsu ne. Ba a neman baƙo ya yi wani abu daga ciki, amma ki auna da kanki ko za ki zauna a wurin. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa wa uwar da ladabi tun da wuri, ki kai wa yarinyar kyautarki gida.

Abin da ke damuna da arangetiram na wannan zamani shi ne yadda hidimar ke neman danne rawar. Hayar zaure, kaya kala biyu ko uku, masu ɗaukar hoto, abincin baƙi, kyautar malami, babban baƙo mai dogon jawabi, duk suna kan iyaye, har yaran talakawa masu baiwa kan kasa yi. Da yawa kuma daga wannan dare suke ajiye salangai, alhali ranar ce aka ba su izinin fara aikin. In kin samu zarafi, ki tambayi yarinyar wane barnam za ta koya nan gaba. Za ta ji daɗin tambayar fiye da yabon kayanta.

In za ki je, ki isa kafin a fara, ki karɓi takardar jerin wasan da ake rabawa a ƙofa, don tana bayanin ma'anar kowace waƙa. Ki kashe ƙarar waya, kada ki haska yarinyar da fitilar kyamara, kuma kada ki tashi a tsakiyar barnam. Ana tafi idan ta ƙare dogon taku daidai kan bugu, ba sai an jira ƙarshen rawa ba. Ki nemi kujera a tsakiya, ba can gaba sosai ba, inda za ki iya ganin ƙafafunta da fuskarta a lokaci guda.