Tambaya da Amsa: Hawan Keke da Tafiyar Ƙasa a Mashigan Tsaunukan Schwarzwald na Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa da yake karatu a birnin Freiburg na ƙasar Jamus, kuma tun da ya sayi keke ba shi da zance sai na hawan duwatsu, har yana cewa shi da abokansa za su riƙa ƙetare mashigan tsaunukan da ke bayan garin a ranakun hutu. Yaron nan a Sakkwato ya tashi, iyakar hawan kekensa daga gida zuwa makaranta ne. Wane irin wuri ne wannan, kuma in hana shi ne ko in ƙyale shi?

Daga wani mahaifi, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya sa ya dawo da abin da ya je nema. Tsaunukan da yake magana a kai su ne na dajin Schwarzwald, wanda ya miƙa tsawon kimanin kilomita 160 a jihar Baden-Württemberg, kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa da Siwizalan. Freiburg yana gindin tsaunukan ne, kuma tudun da garin yake kai bai wuce kusan mita 300 sama da teku ba, wato kusan daidai da na Sakkwato. Bambancin shi ne, a can mutum na fita daga gari hanya za ta fara hawa, ba za ta sarara ba sai ta kai shi sama da mita dubu.

Mashigin tsauni shi ne wuri mafi ƙasa a doron da ke tsakanin ƙololuwa biyu, inda hanya take ratsawa daga wani kwari zuwa wani. Mafi tsayi cikin sanannun mashigan yankin shi ne na Feldberg, wanda yake kan kimanin mita 1,230, a ƙarƙashin ƙololuwar Feldberg mai mita 1,493, wadda babu wadda ta fi ta tsawo a dajin. Akwai Notschrei mai kimanin mita 1,120 a kan hanyar Todtnau, da Wiedener Eck mai mita 1,035. Amma ina kyautata zaton ɗanka Schauinsland zai fara nufa, domin shi ne tsaunin da ke ƙofar Freiburg, mai mita 1,284, kuma hanyarsa mai yawan kwana ta shahara tun zamanin da ake tseren motoci a kanta.

Masu hawan keke ba tsayin mashigi suka fi dubawa ba, tsananin hawan suke aunawa. Daga garin Waldkirch zuwa mashigin Kandel kimanin kilomita 12 ne kacal, amma cikinsu mutum zai hau sama da mita 900, wato a kowace mita ɗari da ya ci gaba, hanya ta ɗaga shi kusan mita takwas, kuma haka za a yi ta tafiya ba tare da wani fili da ƙafa za ta huta ba. Keke mai giya ɗaya ba ya wannan aiki. Ana buƙatar mai giya da yawa, musamman ƙananan giyoyin da ke sa feda ta yi laushi, ta yadda mutum zai zauna a kan sirdi yana juyawa a hankali maimakon ya miƙe tsaye yana dannawa da ƙarfi har numfashinsa ya ƙare tun bai ci rabin hanya ba. Wanda ya gaji kuwa sai ya sauka ya tura kekensa, babu wanda zai yi masa dariya.

Inda nake so ka ja masa kunne sosai shi ne gangara. Wanda ya tashi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya bai taɓa sanin yadda keke yake gudu da kansa na tsawon kilomita goma ba, kuma abin da sabon shiga yake yi shi ne ya damƙe birki tun daga sama ya ƙi saki, har ƙarfen ya ɗauki zafi, birkin ya rage kamawa, yatsunsa kuma su sandare. Waɗanda suka ƙware suna kama birki da ƙarfi kafin su shiga kwana, su sake shi idan hanya ta miƙe don ya huce, suna amfani da na gaba da na baya tare, kuma ba sa yanke kwana su faɗa hannun motoci masu tahowa. Dokar Jamus ba ta tilasta wa mai keke sanya hular kwano ba, amma ni a wurina yaron da zai gangaro daga Kandel ba hular kwano bai kamata ya hau ba tun farko.

Sai kuma yanayi, wanda ya fi yaudarar baƙo. Duk hawan mita dubu yana rage zafi da kimanin digiri shida, saboda haka mutum zai bar Freiburg cikin rana, ya iso sama jiƙe da gumi, iska ta buge shi a gangara har haƙoransa su riƙa haɗuwa. Hazon da ke sauka a can ya fi na hunturunmu kauri, ga shi da laima. A ranar 17 ga Afrilu, 1936, wasu 'yan makaranta 27 daga Landan suka hau Schauinsland da ƙafa, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su, biyar daga ciki suka rasu, sauran kuwa mutanen ƙauyen Hofsgrund ne suka ceto su. Lura da watan, Alhaji, Afrilu ne, lokacin da a gindin tsauni furanni sun riga sun fito.

Shawarata ita ce kada ka hana shi, domin hanyoyin shimfiɗaɗɗun kwalta ne masu alamu, kuma ɗalibai da dattawa suna binsu kullum. Ka gindaya masa sharuɗɗa: ya jira daga Mayu zuwa Satumba, ya duba hasashen yanayi, ya sa rigar iska a jaka, ya tafi tare da wanda ya san hanya, kuma ya riƙe lambar agajin gaggawa ta 112. Ya kuma sani cewa dokar gandun daji ta jihar ta hana hawan keke a kan turbar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba, sai inda aka ba da izini.

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana za mu ziyarci 'yarmu a wannan yanki da bazararsu. Ba mu iya keke ba, kuma gwiwata ba ta son hawa. Akwai yadda za mu ga tsaunukan?

Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, akwai, kuma ina ganin ku ne ma za ku fi kallon wurin da kyau. Tun 1930 akwai ɗakunan ƙarfe masu rataye a igiyar waya da ke ɗaukar mutane daga gefen Freiburg zuwa saman Schauinsland, tafiyar kilomita 3.6, daga nan kuma 'yar gajeriyar tafiya ce zuwa hasumiyar kallo, inda ake hango kwarin Kogin Rhine da tsaunukan Faransa idan gari ya yi garau. Idan Feldberg kuke so, jirgin ƙasa yana kaiwa tashar Feldberg-Bärental mai mita 967, bas kuma ta ƙarasa da ku mashigin. Garuruwa da yawa na dajin suna ba baƙon da ya kwana a masaukinsu katin KONUS, wanda ake shiga bas da jiragen yankin da shi kyauta, saboda haka ku tambaya tun lokacin kama ɗaki.

Turbobin ƙafa suna da alamu masu siffar lu'ulu'u a jikin itatuwa da turaku, aikin ƙungiyar Schwarzwaldverein da aka kafa a 1864. Ja a kan fari alamar Westweg ce, doguwar turbar da aka shata a 1900 daga Pforzheim zuwa Basel, kimanin kilomita 285, wadda ta bi ta Feldberg da Notschrei da Wiedener Eck. Ba sai kun bi ta duka ba. Ku ɗauki ɗan yanki daga wani mashigi inda bas take tsayawa, ku juyo idan gwiwa ta fara magana. Ruwan ɗorawa kuwa alamar gajerun turbobin kusa da ƙauyuka ce. Ku sa takalmi mai tauri da safa doguwa, domin akwai kaska a ciyawar yankin, kuma wasu suna ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wadda take da allurar rigakafi.

A gidajen abincin da ke kan mashigan, ku yi tambaya kafin ku ci, domin ƙyafaffen naman da yankin ya yi suna a kansa na alade ne, shahararren kek ɗinsu mai baƙin cakulan kuma ana zuba masa barasa. Ku riƙe guzurinku da ruwan alwala, kuma ku nemi jadawalin salla na garin daga wurin 'yarku, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare.