Tambaya da Amsa: Kai Littattafai Gidan Gyaran Hali

Tambaya: Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta tara kwali shida na littattafai, muna so mu kai wa ɗaurarru a gidan gyaran hali na Kurmawa. Ta ina za mu fara? Daga wani malami a Kano.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Amma kada ku ɗauki kwalayen ku nufi ƙofa kai tsaye, gandiroban da ke bakin ƙofa ba shi da ikon karɓa. Ku fara rubuta wasiƙa zuwa ga Kwanturolan Hukumar Gyaran Hali na jiha, a kan takarda mai ɗauke da sunan ƙungiyarku, ku haɗa da jerin littattafan: suna, fanni, aji, da adadin kowanne. In ya amince, sai a tura ku wurin shugaban gidan, shi kuma ya haɗa ku da jami'in walwala ko mai kula da karatu.

Wannan jami'in shi ne mutuminku. Ku tambaye shi abin da ake buƙata kafin ku ƙara sayen ko fensir ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a share ɗakin karatun gida a kwaso duk abin da aka gaji da shi: littattafan jami'a na shekara talatin, mujallun Turanci, tsohuwar manhaja. Alhali da yawa daga cikin mutanen ciki ko firamare ba su gama ba. Abin da ya fi tafiya shi ne littattafan koyon karatu na Hausa da Turanci, lissafin firamare, littattafan sakandare na manhajar yanzu, tsofaffin tambayoyin NECO da WAEC, ƙamus, Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki, sai na sana'a kamar ɗinki, kafinta da aikin wuta. Kwafi 20 na littafi ɗaya ya fi littafi 20 daban-daban amfani, domin da shi ne malami zai iya riƙe aji.

Sannan ku tace kayan da kanku, don za a bincika su ɗaya bayan ɗaya. Ku karkaɗe kowane littafi, kada a samu kuɗi, hoto, wasiƙa ko lambar waya a ciki. Mai bango mai laushi ya fi saurin wucewa, saboda a cikin bango mai tauri ake ɓoye layin waya, reza ko ƙwaya, wani lokaci sai an farke shi kafin a yarda. Wanda aka ɗinke da waya mai murɗi ma matsala ne. Haka gwangwanin kayan lissafi, akwai masu tsini a ciki, sai ku cire su ko ku damƙa wa jami'i ya riƙa bayarwa lokacin darasi. Ƙa'idar takan ɗan bambanta daga gida zuwa gida, kuma maganar shugaban gidan ita ce ta ƙarshe.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kayan rubutu. Ku lissafa wa kowane ɗalibi littafin rubutu mai falle 60 guda huɗu, biro biyu, fensir biyu, ga alli na aji. Su ne ke fara ƙarewa. In akwai rarar kuɗi, ku ƙara da tabaran karatu don dattawa, domin ɗakunan ba su cika haske ba.

Tambaya: Ɗana yana tsare yana jiran shari'a, yana aji biyar na sakandare aka kama shi. Zai iya ci gaba da karatu a ciki? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo mafita. Zai iya. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma ta gyaran hali ta sanya ilimi da koyon sana'a cikin ayyukan hukumar, Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan yadda za a riƙe ɗaurarru ma sun ce kowane kurkuku ya kasance da ɗakin karatu. A gidaje da dama ɗaurarru na zana jarrabawar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi a ƙarshen shekara. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma tana da cibiyoyi a wasu gidajen, irin su Kuje da Kirikiri, inda ɗaurarru ke karatu kyauta, amma sai mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi.

Ranar ziyara ki nemi ganin jami'in walwala, ki tambaya ko gidan na da cibiyar jarrabawa, da lokacin rufe rajista. Kuɗin rajistar ne ke kayar da yawancin yaran, to ki fara tanadinsa tun yanzu, in kin biya kuma ki karɓi rasit. Ki sani mai jiran shari'a ana iya sauya masa gida ko a ba da belinsa ana tsakiyar shiri, don haka ki riƙe kwafin takardar rajistar a hannunki.

Tambaya: Mun taɓa kai littattafai, bayan shekara muka koma babu ko rabinsu. Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Malama, ba kullum sata ba ce. Wani ya fita da nasa, wasu gara da danshin damina sun cinye, wasu an yage don buƙatar takarda. Ku buga hatimi a shafin farko da gefen kowane littafi, ku kai da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ɗora shi a kan benci, nesa da bango, ku kuma ba da babban littafin rajistar aro. A naɗa ɗaurarre mai dogon wa'adi ya riƙe shi ƙarƙashin jami'i, aro kuma kada ya wuce mako biyu. Ku riƙa kai kayan kashi-kashi duk wata uku, kuna duba rajistar kafin ku sauke sabon kwali.